Ƙusar da Ke Aljihuna Ranar Jana'izar Nu'uman

Daga Allah muke, kuma gare Shi za a mayar da mu, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayun 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Nu'uman Umara, shugaban ƙungiyar magina ta yankinmu, a gidansa da ke nan Haɗejiya, bayan jinyar shekara biyu da 'yan watanni. Ya bar duniya yana da shekara sittin da takwas. An yi masa salla bayan la'asar. Ni Inuwa Auta, magini, wanda ya girme shi da shekara biyu, ina cikin waɗanda suka kama makara.

Nu'uman, tunda kai ne, ba zan yi maka irin rubutun da ake yi wa kowa ba. Ina riƙe da makararka ina waige, ina ƙirga sahun mutane. Na ga 'yan Miga, na ga 'yan Jahun, na ga masunta daga Kirikasamma da suka taho a bayan a-kori-kura ko sauya riga ba su tsaya yi ba. Hawaye na zubo mini, na gaske, amma a ƙarƙashin hawayen abin da nake tambayar kaina shi ne ko rabin wannan taro zai zo ranar tawa. Shekara arba'in ina ƙyashinka, kuma ban iya ajiye shi ko a bakin kabarinka ba.

A aljihun rigata a ranar akwai wata ƙusa mai tsatsa, inci shida. Taka ce. Ita ce dalilin wannan rubutu, domin rasuwarka ta ajiye mini abu biyu a gaba. Ga kujerarka ta shugabanci, wadda tun a maƙabarta aka fara raɗa mini cewa ni za a ba. Ga kuma wannan ƙusa, wadda in na fito da ita babu mai sake ba ni ko ajiyar tabarmar ƙungiya.

Saboda wanda bai san mu ba, bari in koma baya. Ni da kai hannu ɗaya ya koya mana gini, hannun marigayi Baba Kolo, wanda iyayensa suka taso daga wajen Tafkin Cadi, mutumin da ya fi tsoron ruwa a kan wuta. Yana da wata al'ada tasa. Akwai tsohuwar tsamiya a gaɓar kogi, kusa da mashayar shanu. Duk shekarar da kogi ya yi ambaliya, in ruwa ya janye, sai ya je ya dubi inda laka ta yi wa kututturen ɗamara, ya kafa ƙusa a wurin. Yakan ce itace ta sama take ƙara tsawo, ƙusa kuwa inda aka kafa ta nan za ta zauna. In zai sa harsashin gida a unguwannin bakin kogi, daga ƙusar da ta fi kowacce bisa yake ɗauko awo, ya ƙara kamu guda a kai. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma gidajen da ya gina ba sa shan ruwa.

Na fi ka hannu, kowa ya sani, kai ma ka sha faɗa. Kafin ka jera layi ɗaya na jera uku, kuma igiya ba ta taɓa kama bangona da karkata ba. Amma ranar da tsufa ya hana Baba Kolo zuwa tsamiya, gudumar kafa ƙusa kai ya miƙa wa, ina tsaye ina kallo. Daga baya na tambaye shi dalili. Ya ce, "Inuwa, kai bango kake kallo, shi kuwa ƙasa yake kallo." Tun daga ranar ban sake taka gindin tsamiyar nan da niyyar ɗaukar awo ba.

Zamani ya juya a hannunmu. Bulo ya kori tubali, tifofi suka fara zarya, kowa na son ya ga gidansa ya tashi cikin wata guda. Yashin da ya fi kusa da gari, ya fi sauƙin ɗiba, shi ne na gindin jinga, tudun ƙasar nan da aka ja ya tsare gari daga kogi. Duk muna ɗiba, har da ni, muna rarake abin da ke tsare da 'ya'yanmu. Kai kaɗai ne in tifa ta zo sai ka hau, ka damƙi yashin, ka murza shi a tafin hannu. In na gindin jinga ne ka san shi da jansa da ɗan danƙon da ke jikinsa, sai ka ce wa direba ya mayar inda ya ɗebo. Muka sa maka suna Likitan Yashi, kuma daga bakina sunan ya fara fita. Masu gida da yawa sun gaji da jiran yashinka mai zuwa daga nesa, suka dawo wurina, na yi musu aiki a gurguje, na ji daɗi. Shekaru bayan haka hukuma ta hana ɗibar yashi kusa da jinga, aka kafa alluna, aka fara kama tifofi. Sai ga shi a taron da aka kira mu ana cewa kowa ya yi koyi da Malam Nu'uman. Na tafa tare da jama'a, hannuwana kamar na aro.

Ina tuna 'Yar'azumi mai ƙosai, wadda mijinta ya rasu ya bar mata fili a wani kwari bayan kasuwa. Ta zo maka ka gina mata ɗaki biyu. Ka je ka duba, ka ce mata nan hanyar ruwa ce, in ta toshe ta, ɗakinta ruwan zai fara shiga kafin ya juya kan maƙwabta. Ta yi kuka, ta ce kai ma ka raina ta don ba ta da namiji a gida. Ta zo wurina, na ce ta ba ni mako biyu in gama aikin da ke hannuna mu fara. Kafin mako biyun ka riga ni. Ka yi ta sintiri tsakanin mai unguwa da ofishin filaye har aka musanya mata da wani fili a kan tudu, ka tara leburorinka ranar hutu kuka ɗora mata ɗakunan. Har yau in na wuce ta gaban kaskonta gaisuwa kawai nake samu. Kai kuwa ƙosanka bai fasa zuwa gida ba sai da ka daina iya ci.

Ni ma alherinka bai tsallake ni ba, kuma shi ne abin da na fi kasa haɗiyewa. Shagon bulona na gina rabinsa a kan magudanar ruwa. Aka zo aka shafa masa jan fenti, aka ba ni kwana bakwai, kuma duk gari an san kana cikin kwamitin da ya zaga da ma'aikatan. Na yi ta faɗa a majalisa cewa baƙin ciki kake yi da ni. Rana ta shida da safe sai ga ka da mutanenka da amalanke biyu. Ka ce, "Yaya Inuwa, mu kwashe kwano da katako kafin motar rusau ta iso, kada a yi asara biyu." Ka hau rufin da kanka kana ɓamɓarar kwano, rana na dukanka. Ban ce maka na gode ba. Wannan "Yaya" da kake kirana da shi ya fi zagi ciwo a wurina, don na san har zuciyarka kake faɗa.

Duk gidan da ka gama sai ka dasa darbejiya biyu a ƙofa. Kana cewa katakon da aka ɗora a rufi daga wani daji aka saro shi, a mayar wa ƙasa da nata. Muna dariya, muna cewa magini ya koma mai lambu. Yau wanda ya bi unguwannin bakin kogi bishiyoyi ne ke nuna masa aikinka, nawa aikin kuwa sai na tsaya na nuna da yatsa.

Sai daminar 2022, wadda ni dai ban taɓa ganin irinta ba. Ruwa ya cinye gonakin shinkafa, ya kwana a ɗakunan mutane, aka yi ta cika buhuna da ƙasa ana toshe jinga. Da ya janye ka je kai kaɗai, kamar yadda ka saba, ka kafa ƙusa ta goma sha ɗaya, taƙi biyu cur sama da wadda ke ƙarƙashinta. Wata huɗu bayan nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da kai, ya tafi da hannunka na dama da rabin harshenka.

A lokacin ina riƙe da kwangilar gidaje takwas da wata ƙungiyar agaji ta bayar, na mutanen da ambaliya ta rushe wa muhalli, a wani fili da ke kallon tsamiyar. Sharaɗin aikin shi ne harsashi ya bi awon ƙusa, domin zuwa lokacin ma'aikatan tsara gari sun yarda da awon, ko da yake bai shiga takarda ba. Ni kuwa na riga na rantse wa kaina ba zan ɗauki awo daga ƙusar Nu'uman ba. Na yi da idona, idon da ya tsufa a gini. Bango ya kai linta sai aka aiko cewa ranar Asabar masu duba aiki za su zo su auna. Ranar Alhamis na saci jiki na gwada da kaina. Harsashina ya gaza da taƙi biyu. Taƙi biyu kamu guda ke nan, wato daɓen ɗakunan yana daidai da inda ruwa ya tsaya a daminar da ta wuce.

Na san abin da ya kamata, a rushe a sake. Amma ba rushewar ce ta fi ci mini rai ba, abin da za a faɗa ne: Nu'uman yana kwance ko magana ba ya iyawa, ya kayar da ginin Inuwa. Ranar Juma'a, da gari ya tafi masallaci, ni na nufi kogi da awartaki a cikin riga. Ƙusar ta yi gardama, don ka kafa ta da kyau kamar yadda kake yin komai. Na zare ta, na cusa laka a ramin, ina jin kabbarar liman daga nesa. Washegari ma'aikatan suka zo, baƙi ne a garin, suka auna daga ƙusa ta goma, suka ce aiki ya yi, har ɗayansu ya yaba da saurina. Iyali takwas suka tare, da tsofaffinsu da jariransu.

Damina biyu ke nan duk hadarin da ya haɗo sai gabana ya faɗi. Allah Ya rufa asiri, ruwa bai kai inda ya kai wancan karon ba. Bara, gab da saukar damina, na ji labarin ka sa an kai ka bakin kogi a adaidaita-sahu. Bayan kwana kaɗan ka aika wa mai unguwa, aka kira gayya, aka ja wata ƙaramar jinga a bayan gidajen nan takwas, aka dasa itatuwa a jikinta. Kana zaune kan kujera a gefe kana nuni da hannun hagu. Da labari ya iso ni, abin da na ce a majalisa shi ne, mutum ko tsayuwa ba ya iyawa amma sai ya tsoma hannu a aikin wani don a ce shi ne. Haka na faɗa, kuma waɗanda suka ji suna nan da rai. Ban bar zuciyata ta tambayi dalilin jingar ba.

Ranar sadakar uku 'yarka Mardiyya, wadda ka tura karatun injiniya, take aiki yanzu a ofishin tsara gari, ta aiko wa ƙungiya da albishir. An amince a rubuta awon ƙusa cikin ƙa'idar gini ta unguwannin bakin kogi, da sunanka a kai, kuma za a ɗauki awon a kafa ginshiƙai a kowace unguwa kafin ruwa ya sauka. Kowa ya yi hamdala. Ni abu biyu na ji, kuma ba zan ɓoye wanda ya riga zuwa ba. Na farko shi ne, har doka ma da sunansa. Na biyu ya zo a hankali ya zauna mini a ƙirji. In aka auna daga ƙusa ta goma, ƙaryata za ta shiga takarda a buga mata hatimi, kuma duk gidan da za a gina a bakin kogi daga bana zai gaza da taƙi biyu, da sunanka a kansa.

Kwana huɗu ina juya abin. Na yi tunanin in je in mayar da ita a ɓoye, in karɓi kujerata, in tafi kabari da sauran. Amma masu duba aikina ƙusa goma suka rubuta a rahotonsu. In ta sha ɗaya ta tsiro rana tsaka babu mai shaida, za a ce wasa ake yi da tsamiyar, a yi watsi da awon gaba ɗaya. Ƙusar ba ta da amfani sai an haɗa ta da bakin wanda ya zare ta.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa addu'a, magina suka rage a zauren gidanka. Shu'ibu, sakataren ƙungiya, ya gyara murya ya ce dattawa sun yi shawara, babu wanda ya cancanci kujerar marigayi sai abokin tasowarsa. Aka juyo ana kallona. Nu'uman, na ga kujerar nan kusa, miƙa hannu kawai ya rage. Sai na sa hannun a aljihu, na ajiye ƙusar a kan tabarma, na faɗi komai tun daga Alhamis har Asabar, ban rage ba, ban yi wa kaina ado ba.

Wani dattijo ya tashi ya nemi takalmansa. Shu'ibu ya daɗe yana kallon ƙusar, sannan ya ce, "Malam Inuwa, ƙanwata da 'ya'yanta huɗu suna cikin gida na uku." Aka watse babu wanda ya yi mini sallama. Kujerar na ji an bai wa wani, Allah Ya taya shi riƙo.

Washegari da hantsi Mardiyya ta aiko in same ta a tsamiya. Na tafi da shirin jin abin da ya dace da ni. Na tarar da ita da ma'aikata biyu, tana riƙe da wani ƙunshi a tsumma. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, sannan ta nuna mini wani ɗan tabo a jikin kututturen, an kewaye shi da farin fenti.

"Baba Inuwa, tun bara muka gani," in ji ta. "Ranar da na kawo mahaifina nan ya ƙirga ƙusoshin da yatsa, ya sake ƙirgawa, ya sa na kankare lakar. Na kai maganar tabon ofis, aka ce tabo ba shaida ba ne, sai an ga ƙusa an ji yadda aka yi ta fita. Na ce masa in kafa sabuwa, ya hana. Na ce in sa a bincika, ya hana. Ka san yadda maganarsa ta koma, sai da ya maimaita sau uku na gane. Cewa ya yi, 'Tana wurin Yaya. Zai kawo.'"

Na ce, "In da ban kawo ba fa?"

"Ya ce in jira har ranar awo, in ba ka kawo ba in faɗa. Jibi ne ranar awon, Baba."

Ta kwance tsumman. Gudumar Baba Kolo ce, ƙotarta ta yi baƙi da gumin hannunka. Ta miƙo mini da hannu biyu. Shekara arba'in ina son riƙe gudumar nan, ga yadda ta zo hannuna. Na sa ƙusar a raminta na buga. Bugu huɗu ne, amma sai da na huta a tsakani. Ma'aikatan suka auna, suka rubuta bayanina, na sa hannu a ƙasa. Da na gama na mayar mata da gudumar, ta karɓa ta naɗe, ba ta ce in riƙe ba.

Ka ga abin da ka yi mini, Nu'uman. Na ɗauka sau ɗaya a rayuwata na yi abin kirkin da ba ka riga ni ba, ashe tun bara ka san zan yi, ka kwanta kana jirana. Jingar nan ma da na zage ka a kanta, ɓarnata kake toshewa da hannun hagu. Na tsaya a gindin tsamiya ina kuka a gaban 'yar cikinka, kuma wallahi har a cikin kukan ina jin haushinka.

Gidajen takwas na shiga ɗaya bayan ɗaya na faɗa wa masu su. Wasu sun ce sun yafe. Ƙanwar Shu'ibu ta juya mini baya ta shige ɗaki, kuma ban ga laifinta ba. Mardiyya ta zana yadda za a ɗaga daɓe da bakin ƙofofi, a ƙara wa jingar tsawo, na fara aikin ranar Litinin da hannuna, don hadari ya fara haɗowa daga gabas. Yashin daga nesa aka ɗebo shi. Jiya na kama kaina ina murza shi a tafin hannu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa Hajiya Aisa, da 'ya'yansa Mardiyya da Khalid da Umaima, da jikoki da 'yan'uwa, da ƙungiyar magina wadda na ci amanarta, da duk mai kwana a ƙarƙashin rufin da ya ɗora. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya tsaya muku a inda yake tsaya muku. Ina roƙon ku gafara a bainar jama'a, kamar yadda na ɓata masa suna a bainar jama'a.

Ya Allah, ga bawanka Nu'uman ya zo maka. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa duk ɗakin da ya kwana a bushe saboda awonsa, da duk itacen da ya dasa, su zama shaida gare shi ranar da babu mai shaida sai wanda Ka yarje wa. Ka sada shi da malaminmu Baba Kolo a Aljanna Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Wanda ya karanta wannan, in ya gama yi masa addu'a, ya sa ni a ƙarshe, Allah Ya cire mini wannan ciwo kafin a ɗauki tawa makarar. Domin na san in Allah Ya yi mini rahama na shiga, a can ma gidan Nu'uman zai fi nawa tudu, kuma ina so ko sau ɗaya in ɗaga kai in hango shi, in ji daɗi.